Awa 30 na gwamnati, amma duk wata ana cire min fam 514

Maman Sabir:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah masu yara a gidan raino a Ingila ku zo ku taya ni duba wannan lamari, tun daren jiya nake juya shi barci ya ƙi zuwa. Sabir ya cika shekara uku a watan Yuli, na nema masa awa 30 a mako na raino kyauta da gwamnati ke biya wa iyaye masu aiki, lambar da ke nuna mun cancanta ta fito kafin ƙarshen Agusta, ya fara zuwa a Satumba. Kwana uku yake yi a mako, takwas na safe zuwa shida na yamma, ranakun da ni da babansa duk muke wurin aiki. Uku sau goma talatin ke nan. A lissafina ba ni da abin biya sai ɗan kuɗin abinci. Amma duk wata fam 514 suke cira a asusuna, takardar kuma layi ɗaya ce tal, ba bayanin komai.

Wata biyar ina biya ina haɗiye maganar. Jiya dai na tsaya da manajar a bakin ƙofa, Sabir yana ta jan mayafina, na ce ta fayyace min. Ta ce fam 323 na awannin da gwamnati ba ta biya ba ne, 191 kuma na abinci da kayan amfani, fam 15 a rana. Na ce wane kaya? Ta ce famfas, tishu, man shafawa na rana, fenti da takardun zane. Yaron nan ya rabu da famfas tun bara. Naman su ba na halal ba ne, don haka taliya da cuku ko dankali da wake yake ci kullum. Na ce to zan riƙa haɗo masa abinci daga gida. Ta ce ba sa karɓar abincin waje, kuɗin kuma dole ne, in bai yi min ba akwai masu jira a layi. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi ƙona min rai. Ni ce ban fahimci tsarin ba ko cutata ake yi?

Ummu Khalil:
Wa alaikumus salam. Kai, fam 514 a kan abin da aka ce kyauta ne? Allah ya kyauta.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam Maman Sabir. Magana biyu ce a cikin takardar nan, kada ki haɗa su wuri ɗaya, don ɗaya kina da gaskiya, ɗaya kuma ba ki da ita.

Ta farko, awannin. Awa 30 da ake ta faɗa a rediyo ba na kowane mako ba ne. Na mako 38 ne kawai, wato makonnin da makarantu ke buɗe. Talatin sau 38, awa 1,140 a shekara. Shi ke nan abin da gwamnati ke biya. Gidan rainon ku tunda ba ya rufewa da hutun makaranta, ya ɗauki awannin ya shimfiɗa su a mako 51, sai ya zama awa 22 da 'yan mintuna a mako. Sabir yana yin 30, saura takwas a kanki. Na buga fam 323 ɗin nan a kalkuleta, ya fito fam 9.50 a awa. Wannan ba haram ba ne a doka, haka kusan kowa ke yi. Abin da kawai zan ce ki tambaya: 22 sau 51 awa 1,122 ne. Ina sauran 18 ɗin? Hakkin Sabir ne, kusan kwana biyu cur.

Ta biyu, fam 15 ɗin nan. A nan ne suka taka doka. Ƙa'idar Ma'aikatar Ilimi da aka sabunta ta fara aiki 1 ga Afrilun 2025 ta ce suna iya neman kuɗin abinci, kuɗin famfas, kuɗin fita yawon buɗe ido, amma sai in uwa ta so. Ba za a mai da shi sharaɗin ba yaro gurbi ba, kuma dole su ba wanda ba ya so wata mafita, kamar ya kawo nasa. Fenti da takardar zane ma ba sa cikin abin da ake caji, tunda kayan koyarwa ne. Sannan daga Janairun 2026 an ce takardar biya ta zo a rarrabe: awannin gwamnati daban, awannin da kika saya daban, abinci daban, kayan amfani daban. Takarda mai layi ɗaya ta daina aiki.

Maman Sabir:
Allah ya saka da alheri Baban Ilham. Wallahi ba wanda ya taɓa ce min mako 38 ne. Ranar da na sa hannu takardu shida suka miƙo min, ina sauri zan koma aiki.

Anti Rabi:
Salamu alaikum. Na karanta tun farko, na so in yi shiru amma ba zan iya ba. Shekarata 11 ina aikin raino a ƙasar nan, yanzu ni ce mataimakiyar manaja a wurinmu. Maman Sabir, abin da matar nan ta faɗa miki na "akwai masu jira a layi" ba daidai ba ne, ba a yi wa uwa irin wannan magana, ko ni aka yi wa zan ji zafi. Amma ina roƙon ku ku ji ɓangarenmu kafin a gama yanke mana hukunci.

Kuɗin da gwamnati ke bayarwa kan ɗan shekara uku ko huɗu, a faɗin Ingila bai wuce fam shida da 'yan kwabbai a awa ba, kuma ba hannunmu yake faɗowa kai tsaye ba. Sai ya bi ta ƙaramar hukuma ta cire nata kason. Mu abin da ke iso mana bai kai fam shida ba. A watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ya koma fam 12.21 a awa. A watan nan ɗaya kuɗin inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15, aka kuma sauko da matakin da ake fara biyansa daga fam 9,100 zuwa 5,000. Mu da yawancin ma'aikatanmu masu rabin wuni ne, wannan ya dake mu ba kaɗan ba. Ga haya, ga wuta da gas, ga mai girki, ga wadda za ta tsaya a ɗaki in wata ta fita hutun rana. Doka ba ta yarda mu rage mutane ba: mai raino ɗaya jarirai uku, 'yan shekara biyu yara biyar, 'yan shekara uku yara takwas. Ko yaro ɗaya ya ƙaru sai an kira wata.

A da abin da ke rufa mana asiri shi ne iyayen jarirai, su ke biyan cikakken kuɗi, da shi ake cike giɓin manyan yara. Tun da Jeremy Hunt, ministan kuɗi na wancan lokacin, ya sanar da faɗaɗa shirin a kasafin Maris na 2023, aka shigo da 'yan shekara biyu a Afrilun 2024, 'yan wata tara a Satumbar 2024, aka kai duk yaran iyayen da suka cancanta awa 30 a Satumbar 2025, yanzu gwamnati ce ke sayen mafi yawan awanninmu, kuma ita ke yanka farashi. Ba ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: su aka tafa wa a majalisa, mu ke shan harara a bakin ƙofa.

Baban Ilham:
Anti Rabi duk abin da kika lissafa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a tilasta wa gidan raino shiga shirin nan ba. In kun sa hannu da ƙaramar hukuma kun karɓi kuɗin, kun karɓa da sharuɗɗansa. Ƙa'idar ta ambaci haya da albashi da wuta da sunansu, ta ce ba a ɗora wa iyaye su a kan awannin gwamnati. In kuɗin bai isa ba, Ma'aikatar Ilimi za ku tunkara, ba aljihun Maman Sabir ba.

Anti Rabi:
Malam, ka ce ba a tilasta mana ba. In muka fita daga shirin yau, wace uwa ce za ta kawo mana ɗa ta biya cikakken kuɗi alhali maƙwabtanmu na karɓar lamba? Rufewa za mu yi. Ƙungiyoyinmu na masu gidajen raino irin su Early Years Alliance da NDNA shekara da shekaru suna kuka kan ƙarancin kuɗin nan, har sun roƙi a daina cewa "kyauta" a riƙa cewa "tallafi". Kalmar nan ita ce ta haɗa mu faɗa da iyaye.

Maman 'Yan Biyu:
Anti Rabi ki yi haƙuri, amma ni ban yarda duka gidajen raino talakawa ba ne. Namu na wani babban kamfani ne mai rassa a garuruwa da yawa. Su ba awanni suke shimfiɗawa ba, wata dabara suke yi. Sun ce awannin gwamnati daga tara zuwa sha biyu ne, sai kuma ɗaya zuwa huɗu. Awar da ke tsakiya ta cin abinci, wai sai ka saya, fam 13. To wa zai baro aiki ya zo ya ɗauki yaro ƙarfe sha biyu ya dawo da shi ƙarfe ɗaya? Ni kuma biyu gare ni. Wannan talauci ne ko wayo?

Baban Ilham:
Wannan ma ƙa'idar ta hana shi, a datse wuni a tsakiya don a tatsi kuɗi. Suna da damar su ce ga ranakun da ga lokutan da muke ba da awannin, amma ba su huda rami a tsakiyar rana ba.

Anti Rabi:
Wannan kam ba zan kare shi ba. Akwai masu yin abin kunya a cikinmu, na sani. Roƙona dai a bambance kamfani mai masu zuba jari da matar da ta buɗe ɗaki biyu a zauren coci ko bayan masallaci tana biyan kanta albashi a ƙarshe, wani watan ma ba ta biya.

Ummu Khalil:
Ni fa ina karanta ku ina jin kamar a wata ƙasa kuke. Da bizar aikin kula da tsofaffi muka shigo, an rubuta mana ba mu da hakkin taɓa tallafin gwamnati. Ina biyan haraji kamar kowa, ina aikin dare, amma awa 30 ɗin nan ba mu ciki. Khalil shekararsa biyu da wata huɗu. Ni da babansa a bakin ƙofa muke haɗuwa, in shigo shi ya fita. Ban san rabon da in yi barcin awa biyar a jere ba.

Maman Sabir:
Subhanallah. Ummu Khalil sai na ji kunyar ƙorafina. Allah ya kawo sauƙi 'yar'uwa.

Baban Ilham:
Kada ki ji kunya, kowa da nasa ciwon. Ummu Khalil, ki saurara da kyau. Gaskiya ne awa 30 ba ku ciki. Amma awa 15 na 'yan shekara uku da huɗu na kowane yaro ne a Ingila, ba ruwansa da irin bizar iyaye, awa 570 a shekara, daga zangon da ya biyo bayan cikarsa uku. Kuma tun Satumbar 2022 akwai awa 15 na 'yan shekara biyu ga iyalai masu irin sharaɗinku in samunsu bai da yawa. Iyakar ita ce fam 26,500 a shekara ga masu ɗa ɗaya a wajen Landan, 34,500 a cikin Landan, in yara biyu ne ko fiye 30,600 da 38,600. Ta wurin ƙaramar hukuma ake nema, ba ta hukumar haraji ta HMRC ba. In ku biyun kuna aiki cikakke mai yiwuwa kun haura iyakar, amma ki buga lissafin ki gani.

Ummu Khalil:
Mun haura da kaɗan. Sai dai mu jira ya cika uku. Na gode ƙwarai, ban ma san da na shekara ukun ba, na ɗauka shi ma an cire mu.

Malam Na Glasgow:
Mu nan Sikotilan tun Agustan 2021 duk ɗan shekara uku da huɗu yana da awa 1,140, ko iyayensa na aiki ko ba sa yi. Ba lamba, ba sabuntawa duk wata uku. Sai dai ba mu da na jarirai irin naku. Na faɗa ne don masu karatu daga nan kada su ɗauki ƙa'idar Ingila su je su yi musu da ita.

Abu Sumayya:
Ni dai a ganina duk wannan wahala ta samo asali ne daga barin gida. Da uwa ta zauna da ɗanta, da ba a kai ga lissafin awa da famfas ba.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, haya fam nawa kake biya? Albashi ɗaya yana riƙe gida a garin da kake? In yana riƙewa alhamdulillahi, amma kada ka ɗora wa matan da ke tashi da asuba cikin sanyi laifi.

Hajiya Kaka:
'Ya'yana ku sassauta. Ni na haifi bakwai a Zariya, ban taɓa zama da yaro ni kaɗai wuni guda ba. Ga kishiya, ga ƙanwar miji, ga 'yar riƙo, ga maƙwabta. In zan je unguwa sai in miƙa shi ta katanga. Uwa ba ta taɓa raino ita ɗaya ba ko a can gida, Abu Sumayya. Nan kuma babu katangar, babu mai karɓa. Da na zo wurin 'yata na ga yadda take fama sai da na yi hawaye. Abin da ya ba ni mamaki, an ce ko da na yi rajista na zama mai raino a gida, gwamnati ba za ta biya ni awannin jikana ba, sai ɗan wani.

Anti Rabi:
Haka ne Hajiya, mai raino a gida ba ta karɓar kuɗin shirin kan ɗanta ko jikanta ko ɗan 'yar'uwarta. Mata da yawa sun bar sana'ar saboda wannan.

Mai Kula da Gida:
Jama'a a dawo kan tambayar Maman Sabir. Maganar zaman mata a gida mun sha yin ta, wanda ke so ya buɗe mata nata zaren.

Maman Sabir:
To yanzu me zan yi? Tsorona ɗaya ne. Sabir ya saba da mai kula da shi, wata yarinya ce mai haƙuri, har ta koyi cewa "sannu" da "zo ka ci" saboda shi. Wata shida na jira kafin in samu gurbin nan. In na kai ƙara suka ce in kwashe ɗana fa? Ko su canza masa fuska? Ba ni nake wuni a can ba, shi ne.

Anti Rabi:
Ƙanwata, a kan canza fuska ki kwantar da hankalinki. Masu rainon da ke cikin ɗaki ba su san wa ya biya wa bai biya ba, takardun kuɗi a ofis suke. Ga shawarata a matsayin wadda ke zaune a ɗaya gefen teburin. Kada ki sake yin maganar a bakin ƙofa, lokacin kowa a gajiye yake, iyaye na jira, manaja za ta kare kanta ne kawai. Ki rubuta imel cikin ladabi. Ki nemi takarda a rarrabe, ki ce kin janye daga kuɗin kayan amfani tunda ba ya sa famfas, za ki kawo man shafawarsa da tishunsa. Kan abinci kuma, maganar da suka yi ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A ɗakinmu akwai yaron da in ya taɓa gyaɗa sai motar asibiti. Mu kuma kin san girkinmu, man gyaɗa, ƙuli, yaji mai gyaɗa a ciki. Ki ce su ba ki jerin abubuwan da aka hana, ki yi alkawarin kiyayewa. In kika zo ta wannan hanyar da wuya su ƙi. In kuma da hali, ko rabin kuɗin abincin ne ki amince ki biya don ya zauna ya ci tare da 'yan'uwansa.

Baban Ilham:
In sun ƙi, sashen kula da ƙananan yara na ƙaramar hukumarku za ki nufa, su ke da yarjejeniya da gidan rainon. Kada ki ɓata lokaci da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da gidajen raino, su ingancin kula da lafiyar yara suke dubawa, ba rikicin kuɗi ba. In ƙaramar hukumar ta yi burus, akwai ofishin sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi. An taɓa yin irin wannan: wani uba ya kai ƙara kan kuɗin dole da aka ɗora masa, ofishin ya ba shi gaskiya, ƙaramar hukumar Bournemouth, Christchurch da Poole ta ƙalubalanci hukuncin a Babbar Kotu, a Fabrairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙarar tata. Sannan kin buɗe asusun Tax-Free Childcare? Duk fam 8 da kika zuba gwamnati na ƙara 2, har fam 500 a wata uku. Yana tafiya tare da awa 30, amma ba ya haɗuwa da Universal Credit, tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin samu. Kuma kada ki manta sabunta lambarki duk wata uku, mutane da yawa sun rasa zango guda a kan mantuwa.

Maman 'Yan Biyu:
Anti Rabi, in kowa ya janye daga biyan fam 15 ɗin, me zai faru da ku? Da gaske nake tambaya.

Anti Rabi:
Za mu ƙara kuɗin awannin da ake saya, ko mu rage guraben 'yan shekara uku mu ƙara na jarirai, tunda na jarirai gwamnati na biyan sama da fam 11 a awa. Mun riga mun zauna kan haka sau biyu. Ba na so, don yaran da za su rasa gurbi su ne waɗanda iyayensu ba sa iya sayen ko awa ɗaya.

Maman Sabir:
Salam jama'a, na dawo da labari. Na tura imel ranar Litinin kamar yadda Anti Rabi ta tsara min, jiya Alhamis manajar ta kira ni ofis. Ta fara ba ni haƙuri kan maganar masu jira a layi, ta ce ranar ma'aikata biyu ne ba su zo ba. Ta ba ni sabuwar takarda layi huɗu. Ashe a fam 15 ɗin, 9 na abinci ne, 6 na kaya. Sun cire shidan daga wannan watan. Na baya kuwa ta ce sai ta tuntuɓi mai wurin, ban matsa ba tukuna. Awa 18 ɗin da Baban Ilham ya gano ta ce za su ba shi su a hutun Agusta. Abinci na ce zan ci gaba da biyan na safe da na la'asar, fam 4, na rana in haɗo masa, ta ba ni jerin abin da ba a shigowa da shi, gyaɗa da riɗi da ƙwai. Takardar wata yanzu ta koma fam 374.

Ta kuma ce min daga Afrilu awar da ake saya za ta ƙaru, ba ta faɗi nawa ba. Yau na dafa masa shinkafa da miyar kaza da man zaitun, na rubuta sunansa a murfin kwanon. Maman 'Yan Biyu, in kina so in turo miki imel ɗin ki gyara ki aika wa naku kan awar tsakiyar rana, ki yi min magana ta gefe.

Maman 'Yan Biyu:
Turo min don Allah, yau da daddare zan aika.